Inda Allura Ke Tuntuɓe

A Lisbon, a wani lungu mai gangarawa bakin kogi,
matakala goma sha ɗaya ake sauka
kafin a kai shagon Firmino.
Da rana faifai yake sayarwa.
Daren Alhamis mukan ture akwatuna gefe,
mu jera kujeru bakwai, ɗaya gurguwa.
Ni ke wanke kofuna, ni ke juya faifai.

Shekara talatin ya yi a cikin jirgin ruwa yana gyaran inji,
yau Luwanda, gobe Bisau, jibi Mindelo.
Abokansa suka tara kuɗin gina gida,
shi ya tara baƙaƙen fayafayai
masu warin gishiri da baƙin mai.

Zulmira kan fara, da gangarta mai kusurwa huɗu,
waƙoƙin tsinkar zaitun da ta gada wurin kakarta,
murya kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba.
Sai Baltazar, tsohon direban tarago,
ya goge bakin saksafon da gefen riga,
ya busa jaz a hankali
kamar mai hura wa yaro kunu.

Akwai faifai ɗaya wanda ba na sayarwa ba ne.
Danshi ya cinye takardarsa, ba suna, ba shekara,
sai rabin hoton wata mace: kunne da ɗankunne.
Jita biyu, ganga ɗaya,
da wata siririyar murya tana amshi a bayan mawaƙi.
A tsakiyar waƙa ta uku akwai tabo.
Allura na isa nan sai ta yi tuntuɓe,
ta ja baya, ta sake tuntuɓe,
rabin kalma, rabin kalma, rabin kalma,
sauran ya tafi inda takardar ta tafi.

Na kai hannu zan ture ta gaba,
Baltazar ya ce, bar ta.
Ya ƙirga tuntuɓen da ƙafarsa,
ya mai da shi kiɗa, ya hau kai.
Zulmira ta biyo da ganga.
Damina huɗu muka yi haka,
muna zagaye ramin nan kamar masu jiran guga.

Ran nan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
wata tsohuwa ta fake a matakala ta shida,
rigar aikin shara a jikinta, lema a karye.
Ba ta sauko ba, ba ta hau ba.
Allura ta zo, ta yi tuntuɓe,
tsohuwa ta buɗe baki
ta ƙarasa kalmar.
Ta ɗora ta biyu, ta ɗora baiti guda,
da harshen da babu mai ji a cikinmu.
Muryar ta yi kauri, ta dushe,
amma inda ta cikin faifai ke lanƙwasa
nan ita ma ta lanƙwasa.

Baltazar ya sauke saksafon.
Firmino ya tashi, gwiwa na ƙara,
ya ce, baiwar Allah, ke ce?
Ta ce, sunana Quitéria.
Mu uku ne muka yi amshi ran nan,
aka sallame mu da kifi da kuɗin mota.
Ban san ko tawa ce ta fito ba, ko ta Domingas.
Ta dubi agogon bango:
jirgin fito na ƙarshe ƙarfe ɗaya saura kwata.
Ta hau matakala biyar ɗin da ta sauko.

Ba ta sake zuwa ba.
Zulmira ta riƙe sautin, kalmomin sun kuɓuce mata,
takan rera shi baki a rufe.
Firmino ya gyara ƙafar kujerar nan,
ya ajiye ta kusa da matakala.
Duk Alhamis, in allura ta kai wurin,
Baltazar kan yi shiru na numfashi huɗu,
ni kuma in tsaya, kofi a hannu,
kumfa na gangarowa gwiwar hannuna.